Tabarma a Ƙofar Kemis

A tasha ana jiran mota ta cika, wata tsohuwa da labari ke ci ta samu wani mai farar riga a gefenta.

"Malam, taya ni murna, jikana ya bar shan maganin tarin nan! Jiya da bakinsa ya faɗa mini abin da ke damunsa."

"Asibiti kuka kai shi, Iya?"

"Wane asibiti? Tabarma muka shimfiɗa, mu tsofaffin layi, a ƙofar kemis ɗin da ke sayar musu. Ba zagi, ba duka. Duk yaron da ya zo sai mu ce, 'Sannu ɗan wance, tari kake? Zauna ka yi mu ji.' Wasu su arce, wasu su zauna suna kuka, mu rarrashe su."

"Wannan ai shiga haƙƙi ne. Ni ma kemis gare ni, ban taɓa kiran ɗan kowa ba, da ƙafarsu suke zuwa."

Iya ta gyara zama, ta dube shi fuska cike da fara'a.

"Ikon Allah. Ɗana, a wane layi shagon naka yake? Gobe ba mu da aikin yi."