Wa Zai Ciyar da Ƙwayoyin Malam?

Shugaban cibiyarmu, manyan malamai, Hajiya mai ɗakin marigayi, 'yarsa Auta, 'yan uwa da abokan aiki, assalamu alaikum.

Ni ne mataimakin Malam a ɗakin bincike na ƙasan bene, wanda ba shi da taga. Mu da muka yi aiki a ciki mun san ƙarar firij ɗinsa fiye da muryoyin 'ya'yanmu.

Malam ya kasance mai kiwon ƙwayoyin halitta, irin waɗanda ke shimfiɗe a fata da bangon hanji. Yakan raine su a faranti, ya karce su da allura, ya kira mu: "Ku zo ku ga gulma." Na bakin raunin su saki wani sinadari, na kusa su karɓa su miƙa gaba, duk su matso su rufe gurbin. Da sun taɓa juna kuma, sai wani saƙon ya fita: kowa ya tsaya inda yake.

Ya kasance ba ya tafiya hutu, don in ba a sauya musu ruwan abinci ba, mutuwa suke yi. Hajiya, kin taɓa zuwa bakin ƙofa kika ce, "Malam, yaushe za su yi girman da za ka yaye su?" Ya yi dariya. Mu ba mu yi ba, don mun san babu ranar. Na so shi, amma wallahi ɗakin nan ya cinye shi, mu ma yana cinmu.

Auta, ke na nufa. Kin karanci fannin mahaifinki, kin samu aiki a wani gari. Tun rasuwarsa kowa ke ce miki, "Ai ke za ki riƙe masa." An ce in ba mai kula da ƙwayoyin, za a rufe ɗakin. Jiya na same ki kina sauya musu ruwa kina kuka, jakar tafiyarki a jingine da bango.

Ki tafi, 'yata. Na karɓi makullin ɗakin da safen nan. Ni na riga na tsufa a ciki, ban ma san inda zan je ba in aka sake ni.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Malam, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya buɗe wa Auta hanya. Mu da muka rage a ƙasan bene, Allah Ya ba mu haƙuri.