Rigar Fursuna Mai Aljihu

Hannun wata riga ruwan lemo ya leƙo daga jakar Selina a tashar jirgin ƙasa ta Silver Spring. Wani dattijo ya ji tana waya da Hausa.

"Baiwar Allah, kayan fursuna ne?"

"Ni na ɗinka, Baba, na zanga-zanga ne! Gwamnati ta ce waɗanda aka kama a yaƙi ba za su ga alƙali ba. Har 'yan jam'iyyarta sun yi mata ca."

Ya shafa rigar. "Kin sa aljihu. Tasu ba ta da shi."

"Ya aka yi ka sani?"

"Shekara shida ina musu tafinta a inda ake tsare da su."

"To zo ka faɗa wa duniya. Akwai riga daidai da kai!"

Ta sunkuya ta zaro wata. Kafin ta ɗago, dattijon ya kai bakin matakala, bai waiwayo ba.