Gumbar Sadakar Uku

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A tashar Damagaram ne, shekarar da ake ta zancen 'yancin kai. Kyari yana jiran kamyo, babbar motar Kano, sai wata tsohuwa ta sauke ƙwarya kusa da shi tana haki.

"Sannu, Iya. Ina zuwa da kaya haka?"

"Fada, ɗana. Indo ce daga Dogo. Gumba na daka, yau sadakar uku ta Maina Mustafa, ɗan gidan sarki."

"Gidan da aka yanka shanu, wa zai dubi gumba?"

"Ni na shayar da shi. Ko ba a duba ba, zan zauna a tabarma. Kai ka yi gaisuwa?"

"Ban yi ba. Masu karɓar gaisuwar, idon kowa yana kan rawanin da ya bari."

"An ce duk 'yan'uwa suna zaure, sai ƙanensa guda da suka ɓata kan sarauta. An shimfiɗa masa buzu, ba wanda ya zauna a kai."

Kyari ya juyo gare ta. "Wa ya ce a shimfiɗa?"

"Marigayin, kafin ya cika."

"Alhali ni na... alhali ƙanen ne ya fara zagi."

Ta daɗe tana dubansa.

"Tashi ka ɗaukar mini ƙwaryar nan. Wuyana ya gaji."

Indo ta koma Dogo bayan sadakar bakwai. Rawanin ya tafi kan wani dabam. Kyari ya zauna har arba'in, kuma a Damagaram ya tsufa.