Dariyar Matar Mai Masara

A tashar motar birnin Cali, wani mai fararen haƙora ya tsaya gaban Eliécer mai gasa masara.

"Maigida, kankare min ita a kofi. Likita ya hana ni gatsa."

"Kai ma an liƙa maka farin ɓawon nan a haƙora?"

"Satin jiya. Sun yi kyau, ko?"

"Kamar tayil ɗin banɗaki. Matata ma an yi mata."

"Ka more! To, meye na ɗaure fuska?"

Eliécer ya danna wuƙa a jikin masarar.

"Da, haƙorinta guda karyayye ne. In dariya ta kama ta sai ta rufe baki, ni kaɗai take buɗe wa. Yanzu ko kwandasta ya ce ta matsa, sai ta washe masa su duka."