Ɗakin Jikan Tsohuwa

Salamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ce Hadiza daga Korgom. Ɗana Sani yana karatun likitan dabbobi a Rasha, yana zaune gidan wasu 'yan ƙasar. Ɗansu gwani ne a hoki, wasan sanda bisa ƙanƙara. Da aka ce wata ƙungiyar Kanada za ta ɗauke shi, sai iyayensa suka shirya binsa. Kwana uku tuwo bai shige ni ba. Ina Sani zai fake cikin wannan sanyi? Jiya ya kira ni. Ashe kakar yaron, da ke zaune gidan tare da su, ta ce ba inda za ta, ta ba Sani ɗakin jikanta. Alhamdu lillahi! Masu sauraro, me ake aika wa tsohuwar da ta riƙe miki ɗa?