Ruwan Lagireto a Robar Awaki

Masu mota, ku saurare ni da kyau: koren ruwan nan da kuke zuba wa lagireto guba ne, kuma dabba ba ta gudunsa.

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hajiya Rabi daga Faskari, kuma a gajiye nake rubuto maka.

Ɗana Sanusi yana da a-kori-kura da yake kai masara kasuwar Ƙanƙara da ita. Ranar Juma'a ya ce motar tana zafi, zai canza mata ruwa da kansa. Na ce ya kai gareji. Ya ce, "Haba Inna, wannan ɗan aikin?" Sai ya ɗauki robar da awakina ke shan ruwa, ya tara tsohon ruwan a ciki. Da aka kira salla ya bar ta nan ya tafi masallaci.

Akuyata mai shayar da 'ya'ya biyu ta sha. Kafin la'asar tana ta tangaɗi. Malamin dabbobin da muka kira ya ce zaƙin ruwan ne ya ja ta. Duk da allurar da ya yi mata, ta mutu. Yanzu da tsufana nake bin 'ya'yanta da madara a fida irin ta jarirai.

Sanusi ya ce, "Inna, tsautsayi ne." Na ce ganganci dai! Jikata ma a wurin take rarrafe.

Don haka na kafa doka: roba ko kwanon gidana ba ya ƙara shiga ƙarƙashin mota. Fidar asuba kuma Sanusi ne zai riƙa bayarwa har a yaye 'ya'yan akuyar.