Bidiyon Mushe da na tura ran kasuwa

Salamu alaikum malam mai gabatarwa, barka da aiki, kai da masu saurare. Ni manomi ne daga wani ƙauye na Tondikandiya, yanzu ina zaune Filinge. Don Allah a sakaya sunana.

Bara da anka rufe lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, saboda 'yan bindiga, malamin da muke ce ma Mushe bai yar da yaranmu ba. Yakan jingina allo a ƙofar gidansa ya yi darasi, a ɗauke shi bidiyo da salula, ya turo ma iyaye. Ya ce mini: "Baba, wannan namu ne na gida, kada ya fita garin nan."

Da na ji ɗiyata ta fara karanta faransanci, daɗi ya kwashe ni. Ran kasuwar Bonkuku na tura ma surukina, shi ma ya tura ma wasu. Cewa nake alheri na yi.

Bayan wata guda 'yan bindigar sunka tare motar kasuwa, sunka bincike wayoyin mutane. Sunka ga bidiyon, ga fuskar Mushe ɓaro-ɓaro, ga tsamiyar gidansa a bayansa. Ba a yi kwana uku ba sunka zo sunka tafi da shi. Har yau ba labari.

Ɗiyata tana nan tana kunna darasin, in ya yi tambaya ta amsa mishi. Matarsa kuwa in munka gamu har ƙasa take gaishe ni, ba ta san ta hannuna abin ya fita ba.

Malamai, ku ɗauki allo da murya, ku bar fuska. Ni kuma ku ba ni shawara: in je in gaya mata, ko in mutu da abin a cikina?